Neman kalma: maganar da ke suka ko da mai ita bai yi niyya ba

Salamu alaikum ƴan uwa. Wata kalma ce ta tsaya mana, ina so mu daddale ta tare.

Mu mata ne masu ɗinki a nan Tahoua. Mun ɗauko wani aiki: kowace ta yanko ƙyalle daga tsohon zanenta, ta ɗinka a kai da zare da allura wata magana da aka taɓa faɗa mata ta ƙi barin ranta, sannan mu haɗa ƙyallayen su zama babban mayafi guda mu rataya. Ba mu muka fara irin wannan ba. Matan ƙasar Chili sun ɗinka labarin ƴan uwansu da suka ɓace a kan buhuna zamanin mulkin soja na Pinochet, tsakanin 1973 da 1990.

Wata takarda da muka duba kan wannan batu da Faransanci take, kuma micro-agression ta kira irin waɗannan maganganu. Wani likitan ƙwaƙwalwa baƙar fata na jami'ar Harvard, Chester Pierce, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1970 domin ƙananan cin fuskar da baƙaƙen Amurka ke sha kullum. Mu kuwa ba za mu ɗinka Faransanci a saman mayafin da iyayenmu za su zo kallo ba, balle tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar.

Ga abin da ke kan ƙyallayen. Ɗaya ta rubuta: "Ke kam ba ki yi kama da ƴan ƙauye ba." Wata mai shekara bakwai da aure: "Har yanzu shiru?" Wanda ya fi tsaya mini shi ne na wata yaya da kakanninta suka yi bauta. Da baƙin zare ta ɗinka a kan ƙyalle ruwan ɗorawa: "Ai ke kamar ɗiyar gida ce." Ta ja zaren da ƙarfi har ƙyallen ya tattare, na ce in warware mata, ta ce a bar shi haka. Tun 2003 doka ta mai da bauta laifi a ƙasar nan, amma wannan "kamar" ɗin tana nan a bakunanmu, kuma wadda ta faɗa mata da zuciya ɗaya ta faɗa, yabo take nufi.

Nan ne kalmominmu suka gaza. An kawo habaici, an kawo gugar zana, shaguɓe, baƙar magana. Duka da gangan ake yin su, mai habaici ya san inda ya sa gaba. Raini da wulaƙanci sun yi nauyi, idan ka ce wa maƙwabciyarka ta wulaƙanta ka don ta tambayi haihuwa, faɗa za a yi, ba za a gyara komai ba. Wani malami ya ce "ƙaramin cin zarafi". Fassara ce daidai, amma da ka ce ƙarami ka ba mutum hujjar cewa to mene ne na damuwa.

Wasu sun ce ai wasa ne irin na taubasai. A'a. Wasan da ke tsakanin kabilunmu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2014, kowa na da izinin ramawa a yi dariya tare. Wannan kuwa idan ka rama, kai ne mai saurin fushi.

Inna ce ta warware mana, tsohuwar da ke koya mana saƙa. Ta shigo daga gona tana cire ƙarangiya daga gefen zanenta ɗaya bayan ɗaya, tana jin musunmu. Sai ta ce, "Ɗiyana, ba wannan kuke nema ba?"

Ƙarangiyar magana. Ni na tsaya a kanta. Ƙarangiya ba ta bin kowa da niyya, amma in ta soke ka ta soke ka. Guda ɗaya ba ta hana tafiya, sai sun taru a zane. Wanda ke kan mota bai san da ita ba, mai tafiya a ƙasa ne ke kwasa. In ka zo cirewa ma sai ta sake sukar yatsa, kamar yadda maimaita maganar ke sake ciwo. Kuma ana iya cewa "Yaya, maganar nan da ƙarangiya a ciki" ba tare da an zagi kowa ba.

Wata ta yi ƙorafi mai kyau, cewa ƙwayar ƙarangiya ta ceci kakanninmu a shekarun yunwa, bai kamata a ɓata mata suna ba. Na ji, amma ƙayar muke nufi, ba ƙwayar ba.

Saura abokiyarta, biais implicite, wato karkatar da ke cikin zuciya wadda mai ita bai san da ita ba, ita ce ke haifar da ƙarangiyar. Son zuciya bai dace ba, don da sani ake yin sa. A yanzu "ɓoyayyar karkata" muke cewa, kuma ban gamsu ba. Mutanen Maradi, Damagaram, Ƙonni, me kuke ce mata? Mun bar ƙyalle ɗaya fari a tsakiyar mayafin, ita yake jira.