Dawar da na auno ta ƙi yin tsiro, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar kunun zaƙi. Da kaina nake yin tsiron dawa saboda shi ke kawo zaƙi ba sai na zuba sukari da yawa ba. Amma dawar da na auno kwanan nan ta ƙi tsira. Na jiƙa ta, na tsane, na baza a kan buhu na lulluɓe, ina yayyafa ruwa safe da yamma, sai fumfuna da warin tsami kawai.

Mai awon ya rantse ta bana ce. Ko tsohuwa ce da ta sha maganin ƙwari a ajiya? Wannan ya fi damuna, tunda yara ke sha. Ta yaya ake gane mai rai tun a kasuwa, kafin a biya kuɗi? Kaura ta fi ko farfara?