Ina tuƙa keke kullum, amma tumbi ko gezau

Baban Khadija: Jama'a, nauyina ya kai kilo 98. Wata biyu ke nan ina tuƙa keke daga Kabuga zuwa kasuwar Sabon Gari, amma tumbin nan ko gezau. Ina matsalar take?

Maman Ilham: Malam, me kake ci da dare? In malmala uku ce ta tuwo a kora da lemon kwalba, wahala kawai kake sha. Rage tuwon, ka riƙa cin kwaɗon zogale da wake.

Ɗan Fagge: Yaya, ni shayi mai sukari cokali huɗu na bari, sai tsallen igiya a tsakar gida bayan asuba. Yanzu wandona har zamewa yake.

Baban Khadija: Hajiya, kin kama ni. Tsiren bayan isha'i ma ban ambata ba.