Ɗiyata na son zuwa gasa Birnin Kebbi, in sa hannu ko kuwa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Ɗiyata 'yar shekara 15 tana buga ƙwallon raga a makarantarsu nan Argungu. An sauya wa malamar da ke horar da su wurin aiki, an kawo namiji, ƙawayenta biyu sun daina. Yanzu an zaɓe ta gasa a Birnin Kebbi, kwana biyu, ana son takardar amincewa kafin Juma'a. Babanta ya ce ni ya bar wa. Ita kuma yau ta ce za ta je, gobe ta ce ba ta zuwa sai da ƙawayen.

Ɗan Jega: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ƙwallon ƙafa ga ɗiya mace? A maida hankali ga WAEC dai.

Maman Biyu: Raga na ce, Malam. Kuma tana SS1.

Tsohuwar Kyaftin: Yaya, ni ƙawaye sunka fidda ni, ba koci ba. Ni ke riƙe da tawagar ƙwallon hannu ta makarantarmu, har ranar da munka sha kashi saboda na zubar da bugu ɗaya. Sati guda ba mai yi min magana a ɗakin kwana. Wata ta rubuta "ƙafar katako" da alli a akwatina. Koci na gani, ya ce wai wasan yara ne. Na ninke rigar na aje masa kan tebur, bai ko tambaye ni dalili ba. Har yau in na wuce filin wasa na Haliru Abdu a Birnin Kebbi sai raina ya ɓaci.

Anti Zuru: Allah sarki. Mu kocinmu gida-gida yake bi yana gaida iyaye, shi ya sa ba wadda ta gudu. Ki je ki gan shi ido da ido, ki tambayi wace malama za ta kwana da yaran. In babu, kar ki sa hannu.

Ɗan Jega: Zuru daban, Argungu daban. Shawararki ba ta nan ba ce.

Anti Zuru: Kai 'ya'ya mata nawa gare ka?

Malamin Motsa Jiki: In sutura ce damuwar, tun 2014 FIFA ta amince da rufe kai, hukumar ƙwallon kwando ma tun 2017. Dogon wando da hijabi ƙarami sun wadatar. Kambas dubu 8 a gwanjo.

Uwar Marayu: Dubu 8 a ina? Dubu 22 na saya wa tawa, bai kai hutu ba ya buɗe baki.

Sarkin Barkwanci: 'Yar Argungu ce fa, ku ba ta homa ta tafi Matan Fada wurin gasar kamun kifi, can ba ruwanta da takalmi 😂

Uwar Marayu: Ni abin da ke ci min rai kuɗin wasanni da ake karɓa kowane zango. Ƙwallo ɗaya ce a makarantar, ita ma a ofis take kulle, maza kaɗai ake fiddo wa.

Tsohuwar Kyaftin: Tun zamaninmu haka yake. Rigunanmu ma na maza ne da sunka tsufa.

Maman Biyu: To takardar fa, jama'a?

Uwar Marayu: Ku nawa ake karɓa wajenku? Mu an ƙara bana, kuma ba rasit.