Zanen bangon 'yan Chicano: tarihi ne ko kirari?

Malam Bala: Ni dai ban yarda zanen bangon 'yan Chicano, wato Amurkawa 'yan asalin Meziko, tarihi ba ne. Kirari ne. A Chicano Park na San Diego ga jaruman tsohuwar daular Aztek ta Meziko, ga Zapata ɗan juyin juya halin Meziko, ga Cesar Chavez jagoran ma'aikatan gona, kowa gwarzo. Masanin tarihi hujja yake kawowa, mai fenti kuwa abin da ransa ke so yake shafawa.

Hajiya Rabi: Malam, ai filin kansa hujja ne. An ratsa unguwar Barrio Logan, inda filin yake, da babbar hanya, aka ɗora musu gadar Coronado a 1969, sannan aka zo gina ofishin 'yan sandan hanya a inda suke jiran a yi musu wurin shaƙatawa. Ranar 22 ga Afrilun 1970 mutanen unguwa suka tare motocin gini, suka zauna daram kwana 12. A 1973 suka fara zane a jikin ginshiƙan gadar da ta cinye musu gidaje.

Sani: Kuma ba duka ne yabon kai ba, Malam. Doguwar katangar da Judy Baca ta fara da matasa a Los Angeles a 1976 ta haura mita 800. A jikinta akwai zanen korar 'yan asalin Meziko a shekarun 1930, har da haifaffun Amurka. Akwai dukan da sojojin ruwa suka yi wa samarinsu a 1943. Akwai iyalan unguwar Chavez Ravine da aka tasa, daga baya filin wasan ƙungiyar baseball ta Dodgers ya hau wurin. Ina kirari a nan?

Malam Bala: Ƙorafi ma ɓangare ɗaya ne, Sani. Wa ya zana ta bakin ɗaya ɓangaren?

Hajiya Rabi: Ɗaya ɓangaren ai shi ke da littattafan makaranta. Kuma ya mayar da martani: farin fenti aka shafe zanen bangon da Siqueiros ɗan Meziko ya yi a 1932 da shi a titin Olvera na Los Angeles, saboda ya zana ɗan asalin ƙasa a gicciye, gaggafar Amurka a kansa.

Hauwa: Hajiya, a yi wa Malam adalci. Ko cikinsu an samu masu ƙosawa. Matasan ƙungiyar masu zane ta Asco sun yi wa salon ba'a, a 1974 har suka liƙe 'yar ƙungiyarsu Patssi Valdez a bango da tef, wai ga zane nan take.

Malam Bala: Yauwa! Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Sani: Su salo suka soka, Malam. Ba su ce korar shekarun 1930 ƙarya ce ba.