Wai Tafkin Chadi mutuwa yake ko dawowa yake?

Alhaji Bala mai banda: Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare na sake ji a rediyo wani babba yana cewa Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin 100, wai in ba a jawo masa ruwa daga Kwango ba jikokinmu sai dai su ji labarinsa. To ni abin da ya ɗaure min kai, in tafkin mutuwa yake, ruwan da ya ci mu a 2022 ya kuma dawo ya ci mu a 2024 ina ya tafi? Ai kogunan Shari da Logon nan gabanmu a Kuseri suke haɗuwa su gangara can. Masu boko ku fitar da mu duhu.

Nura: Alhaji ai wannan ba abin musu bane, hotunan NASA suna nan kowa ya gani, da ruwa ne fal, daga baya ya koma ɗan ɗigo. Ambaliya daban tafki daban.

Ummi: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaya Nura hoton gaskiya ne amma tsoho ne, matsalar kenan. A 1963 tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, sai farin 1973 ya zo ya tsinka shi biyu, na 1984 ya zo ya ƙarasa, ruwan da ake gani a fili ya koma wajen 2,000 ko da ɗan ɗoriya. Daga nan kashi 90 ɗin nan ya samo asali, wato lissafin shekarun 1980 ne ake ta maimaita mana kamar jiya aka auna. A 2020 wasu masana, cikinsu har da Florence Sylvestre ta cibiyar bincike ta Faransa mai suna IRD da ta yi aiki a Njamena, sun fitar da bincike a mujallar Scientific Reports, sun bi bayanan tauraron ɗan Adam na kusan shekara 20 suka ga girman tafkin bai ragu ba, in ka cire ɗan raguwa a ɓangaren arewa wajen Nijar, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ƙaruwa ma yake tun shekarun 2000. Mun karanta shi a aji a Marwa.

Baba Tanko: 'Yata Allah ya yi miki albarka, amma gani ya kori ji. Ni tun ina saurayi nake su a ruwan nan, na ga lokacin da in ka bar bakin Shari ka shiga tafki ba ka ganin gaɓa ko ta ina, igiyar ruwa tana jijjiga jirgi har sabon shiga ya yi amai, giwan ruwa guda sai mutum biyu sun kama kafin a ɗora ta. Inda muke zuba kalli a da, da idona na ga an shuka masara an kafa rumfuna an yi kasuwa. Garin Darak ɗin nan na yankin tafkin da Kamaru da Najeriya suka yi ta shari'a a kanta har kotun duniya ta raba gardama a 2002, ai janyewar ruwa ce ta tara mutane a wurin. Yanzu a ce min wai bai ragu ba?

Ummi: Baba Allah ya ja kwana, ba wanda ya ce ya koma yadda kuka san shi. Raguwar ta faru, kun fi mu saninta. Abin da ake musu a kai shi ne cewa wai har yanzu ƙafewa yake kullum kuma ya kusa ɓacewa. Wannan ne awo bai nuna ba.

Malam Sani: Bari in sa baki. Abin da mutane ba sa lura da shi, shekarun 1950 zuwa farkon 1960 shekaru ne na ruwa mai yawa fiye da ƙa'ida a duk yankin Sahel, to in ka ɗauki 1963 ka ce ita ce ma'auni ka ɗauki tafkin ne ranar da ya fi ƙoshi. Wani sojan Faransa mai suna Tilho da ya zagaya shi yana awo a farkon ƙarni na 20, wajen 1908, ƙarami ya tarar da shi, arewacinsa ya bushe mutane suna ratsawa da ƙafa. Lokacin babu madatsa ko ɗaya babu injin ban ruwa. Dalili kuwa tafkin nan faranti ne ba tulu ba, ba shi da zurfi, 'yan mitoci ne kawai, ruwa kaɗan in ya ƙaru sai ya malale ya cinye fili mai yawa, in ya ragu kaɗan sai ka ga ƙasa ta fito har iya ganinka. Ga rana tana shanye kimanin mita 2 na ruwa duk shekara. Sama da kashi 90 na ruwan kogi da ke shigarsa daga Shari da Logon ne, su kuma daga Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa suke tasowa, saboda haka damunar can ce ke yanke masa hukunci ba tamu ta nan ba. Sannan tun 1973 akwai tudu mai ciyayi da ya raba kudu da arewa, sai kudu ta cika ta tumbatsa kafin ruwa ya tsallaka ya je wa mutanen Ngigmi a Nijar.

Ummi: Ƙari a kan na Malam, hoton da Yaya Nura yake magana buɗaɗɗen ruwa kawai yake nunawa. Ruwan da ke kwance ƙarƙashin kachalla da sauran ciyayi kore yake fitowa a hoto sai a ɗauka tudu ne, alhali in ka taka sai ka nutse har ƙirji. Da aka koma auna shi da na'urar da ke gane sanyi da zafin ƙasa sai aka ga filin da ruwa ya rufe ya ninka wancan sau da yawa.

Nura: Hmm. Ni fa duk binciken da aka ce Faransawa na ciki sai na yi masa kallo biyu. Su ne ba sa so a yi Transaqua, wato aikin jawo ruwa daga Kwango, in aka cika tafkin muka samu noma da lantarki da hanyar jirgin ruwa wa zai ƙara kallonsu? Shugabanni sun taru a Abuja a 2018 sun amince da aikin, su duk ba su san abin da suke yi bane sai ɗalibai?

Malam Sani: Nura tauraron da ya ɗauki hoton da ka yarda da shi da wanda ya ɗauki na yanzu ai duk na waje ne, ba za ka karɓi na 1980 ka ƙi na 2020 ba don bai yi maka daɗi ba. Kuma bayanan a buɗe suke, ɗan jami'ar Njamena ko Maiduguri zai iya saukewa ya lissafa da kansa. Shi Transaqua kamfanin Italiya ne Bonifica ya zana shi tun kafin a haife ka, magudanar ruwa mai tsawon kilomita 2,400 daga rassan kogin Kwango, kuɗin da ake ambata dala biliyan 50, su kuma 'yan Kwango sun ce ba a tambaye su ba ba kuma za su ba da ruwansu ba. Hukumar tafkin, CBLT, tun 1964 take, ofishinta na nan Njamena, shekara nawa ana taro a kan maganar nan ko cebur ɗaya ba a kafa ba.

Isiyaku Blangwa: Ku dakata ku ji ta bakin manomi. Wlh mu wannan ƙaramin tafkin da kuke wa kuka shi ke ciyar da mu. Ruwa ya zo ya kwanta ya janye ya bar mana ƙasa baƙa mai laima, mu bi bayansa da masara da wake da kuɓewa ba taki ba ban ruwa, masu shanu su samu ciyawa, in ruwa ya dawo mu koma su. In kuka kawo ruwan Kwango kuka cika shi tim kamar na zamanin Baba ina za mu yi noma, a saman ruwa? Matsalarmu yanzu ba ƙarancin ruwa bace, rashin sanin ranar zuwansa ne. Shekarar nan ta babban ruwa masarata ta yi goyo ta fara bushewa kenan ruwa ya shigo da dare, da kwale-kwale muka shiga gona muna karya zangarniya ruwa iya cinya, yara na jefawa cikin jirgi, rabi ta ruɓe kafin mu samu busasshen wurin shanya. Da can dattawa na duba wata su ce saura kwana kaza ruwa ya iso, yanzu su ma sun bar faɗa.

Hajiya Ladi: Isiyaku ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mu da ke unguwar Waliya a Njamena, a 2022 buhun ƙasa muka yi ta cikawa dare da rana muna tare bakin unguwa, maza da mata, ƙarshe ruwa ya ɓullo ta bayanmu ta cikin masai, kwale-kwale ne ya koma tasi a kan titi ana biyan kuɗi kafin a fitar maka da katifa. A 2024 kuma kusan mutum miliyan 2 abin ya shafa a Chadi, sama da 500 suka rasu, ga Yagwa da Maga a wajenku, ga Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle. Sannan a zo a ce min a ƙaro ruwa cikin Shari? Ta ƙofar gidana fa zai bi. Ummi 'yata ni tambayata ɗaya, me ya sa ruwan sama na yanzu yake zuwa kamar da faɗa?

Ummi: Hajiya an yi bincike a kan wannan ma. A 2017 wata tawaga ƙarƙashin Christopher Taylor na Ingila ta wallafa a mujallar Nature cewa manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Bayaninsu shi ne Sahara tana ƙara zafi da sauri fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, wannan bambancin zafin shi ke ƙara wa hadari ƙarfi, ga shi iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi, sai ruwan da ya kamata ya sauka a hankali ya zubo cikin awa biyu ƙasa ba ta samu ta sha ba. Bayan ambaliyar 2024 kuma ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta lissafa cewa ɗumamar yanayi ta ƙara wa ruwan wannan damunar ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 a yankin kogin Neja da Tafkin Chadi. Kenan sauyin yanayin gaskiya ne Yaya Nura, sai dai fuskar da yake nuna mana yanzu ba ita ce ake faɗa a taro ba.

Alhaji Bala mai banda: To na ji. Amma ni ɗan kasuwa ne, kwali nake ƙirgawa. In ruwa na nan ina kifin? Bandar da ake kawo min yanzu tarwaɗa ce 'yan ƙanana kamar yatsa, karfasa ma sai an tona.

Baba Tanko: Wannan kam Alhaji ba sai an tambayi tauraro ba. Dumba ce. A jera gura ɗaruruwa a toshe bakin hanyar da kifi ke bi ya koma kogi, uwa da 'ya'ya duk a kwashe, wasu har da gidan sauro suke ja. A zamaninmu sarkin ruwa na hana su wata da watanni kuma a ji maganarsa, yau wa zai hana wa.

Malam Sani: Ga kuma yayre, fadamar Logon da kifi ke shiga ya yi ƙwai lokacin ambaliya. Da aka gina madatsar Maga a 1979 don gonakin shinkafar kamfanin gwamnatin Kamaru SEMRY aka kuma yi jingar bakin Logon, ruwa ya daina malala a babban ɓangarenta, kifi da ciyawar kiwo suka ja baya har dabbobin dajin Waza abin ya taɓa. A 1994 aka buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa aka maida shi wani sashe, ciyawa da kifi suka fara dawowa cikin 'yan shekaru. Aiki ne ƙarami mai arha kuma an ga amfaninsa, irinsa nake so a riƙa kashe kuɗi a kai. Sai babbar magana da kowa ke tsallakewa, tsaro. Tsibirai nawa ne masunta ba sa iya zuwa saboda Boko Haram, ko kuma sai sun biya kafin su jefa koma? Jama'a duk sun dunƙule a ɗan wurin da ya rage suna ta tatsar sa. Cewa tafki ya ƙafe ya fi wa mai mulki sauƙin faɗa, don ba wanda za a tuhuma sai sama.

Nura: Malam duk na ji amma ba ku amsa min abu ɗaya ba. Ku da kanku kun ce ya bushe a 1908 ya bushe a 1984, to me zai hana gobe? Mutanen da ke cin abinci a tafkin yau sun ninka na wancan lokaci nesa ba kusa ba. In farin ya dawo kuna da wani shiri ko sai a lokacin za a fara neman Kwango?

Ummi: Tambayarka tana kan hanya. Yawancin na'urorin hasashen yanayi suna nuna ƙarin ruwa a tsakiya da gabashin Sahel, wato wajenmu, raguwa kuma can yamma wajen Senegal, amma zafi na ƙaruwa yana ƙara shanye ruwa, kuma shekarun fari za su iya faɗowa a tsakani. Shi ya sa maganar ruwan ƙarƙashin ƙasa take da nauyi, shi ne ajiyar da za a jingina da ita in an san yawansa an kuma hana a yi ta haƙa burtsatse barkatai.

Nura: Ajiyar da ba wanda ya gani da ido. Ni dai ina nan kan bakana, a haƙa magudanar a sa mata ƙofa, in ruwa ya yi yawa a rufe.

Hajiya Ladi: Wa zai riƙe makullin, waɗanda jingar unguwa ɗaya ta gagare su gyarawa kafin damuna?

Isiyaku Blangwa: Ku bar Nura da magudanarsa. Malam Sani ku da ke Njamena, ai akwai ma'aunin da ake duba tashin Shari, kuma ruwan da ya wuce ku yana ɗaukar kwanaki kafin ya cika mana gonaki. Dan Allah daga watan tara ku riƙa turo mana lambar duk sati, ko ta murya ce don Baba ya ji, mu san ko za mu shuka a kwari ko mu hau tudu.

Malam Sani: Zan nemi wanda ya san inda ake fitar da ita. Amma ka riƙa haɗawa da labarin Sar da Mundu da Bongor, garuruwan da ruwan ke fara bi ta kudu, in ruwa ya yi hauka a can kai ma ka fara ɗaure kaya tun bai iso mu ba.