Neman kalmar Hausa: me za mu kira "troubleshooting"?

1/ 'Yan uwa masu ɗaukar hoto, a ƙarshen ɗan littafin da ke zuwa cikin kwalin kyamara akwai babin da ake kira troubleshooting, wato matakan da ake bi a gano abin da ya hana kyamara aiki. Ina so mu tsayar masa da suna a Hausa. Yawancinmu "gyara" muke cewa, ni kuwa ban gamsu ba.

2/ A ce kyamara ta ƙi kunnuwa. Da batir ake farawa: a sa shi a caja, a ga ko fitilar ta kama. Batirin lithium da ya yi watanni a ajiye yakan zuƙe har caja ta ƙi karɓarsa. In akwai wani irinsa, a gwada. Ƙananan kyamarori masu cin batirin AA kuwa, batir mai arha na rediyo sau da yawa ba ya iya tayar da su.

3/ Batir lafiya? Sai ƙarafunan da ke bakinsa da na cikin raminsa. Ƙurar hunturu da gumin hannu kan toshe su, busasshen ƙyalle ya isa. Daga nan murfi. Kyamarorin Canon irin su EOS suna da ɗan makunni a murfin batir da na katin ajiye hotuna, in bai rufu sosai ba, ko motsi ba za ta yi ba. Mutane da yawa sun kai wa mai gyara kyamarar da murfinta kawai ya saki. Sannan a cire kati da gilashin gaba, a sake kunnawa.

4/ A duk wannan ba a kwance ko ƙusa ɗaya ba, to ina gyaran?

5/ "Bincike" ya yi faɗi, ɗan sanda ma yana yi. "Lalube" kuma babu tsari a cikinsa, alhali wannan aiki daki-daki ne.

6/ Shawarata: bin sawun matsala. Kamar mai neman saniyar da ta ɓata, daga inda wuta ta fito kake bi har inda ta tsaya. Yana kuma shiga magana ba tare da an tilasta ba: "Ka bi sawun matsalar kafin ka kawo ta?"

7/ 'Yan uwanmu na Nijar, littattafanku na Faransanci dépannage suke cewa. Masu gyara a Maraɗi da Damagaram me suke kiransa in suna magana da Hausa?