Taƙaitawa: Matsayin ra'ayin mutum wajen auna ingancin manhajar aiki

Ga abin da na tattaro daga wata muhawara da aka yi kan ko ya kamata a yi la'akari da ra'ayin mai amfani da manhajar aiki wajen auna ingancinta.

1. Akasari sun yarda alƙaluma kaɗai ba su isa ba. Manhaja na iya buɗewa nan take, amma ma'aikaciyar rajista sai ta danna wurare bakwai kafin ta adana suna ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Wannan batu ya fi taɓa ni.

2. An tuna cewa tsarin auna nasarar manhajojin sarrafa bayanai da masana DeLone da McLean suka fitar a 1992 ya sa gamsuwar mai amfani cikin ma'aunan nasara.

3. Nan aka rabu: wasu sun ce sabo da tsohuwar manhaja kan sa mutum ya kushe sabuwa komai kyanta, don haka a jinkirta tambayarsa. Wasu suka ce ƙorafin makon farko ne ke tona aibin ƙira.